Wai ɗan ƙarfen nan na gindin harsashi shi ma sai an zaɓa?

Tela_Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya, kuma tun kafin wani ya fara min wani irin kallo, ni ɗinki nake yi a Taminus nan Jos, ko wuƙar yanka kaza sai na aro a maƙwabta. Yayana ne da ke zaune a Amurka, jihar Texas, ya kira ni ta bidiyo jiya da daddare, na same shi a gareji gaban wani ɗan inji mai hannu kamar wanda muke buga maɓallin ƙarfe da shi, ga kwanson harsashi cike da bokiti. Na ce Yaya lafiya dai ko? Ya ce ai waɗanda suka harba a filin koyon harbi ne yake sake cikawa, su can abin sha'awa ne kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Sai mita yake wai firaimar da ya saba saye, wato ɗan ƙarfen nan na gindin harsashi, ta yanke a shago, an ba shi wata ya ƙi karɓa. Ya ɗora min guda ɗaya a tafin hannu, wlh ba ta kai maɓallin wuyan kaftani ba. Kafin in tambaye shi sabis ya ɗauke. To wai mene ne aikin abin nan, kuma ba duk ɗaya ba ne?

ɗanJos_a_waje:
Wa alaikumus salam tela. Yayanka yana da gaskiya, ba rigima ba ce. Harsashi abu huɗu ne a haɗe, kwanso, albarushin da ke ciki, dalmar da ke fita, sai wannan firaimar da ke maƙale a gindi. Ka ɗauke ta kamar kan ashana. In an ja kunama wata 'yar allura ce ke sarar ta, sinadarin da ke cikinta ya ba da wuta, wutar ta bi ta wata 'yar huda ta kama albarushi. In ba ta tashi ba to bindigar ta zama sanda.

Zancen zaɓi kuwa, farko dai girma ne kuma ba kai ke zaɓa ba, ramin da ke gindin kwanso ne ke faɗa maka. Na ƙananan bindigogi iri biyu ne, ƙarama mai faɗin milimita 4.45 da babba mai 5.33. Harsashin 9mm da .38 da .380 duk ƙarama suke ci, shi kuma .45 tun asali babba ne amma yanzu wasu kamfanoni suna yin kwansonsa da ƙaramin rami, sai ka ga mutum ya tsinto kwanso a fili ya haɗa su wuri ɗaya yana ta dannawa abu ya ƙi shiga, to nan ne ake samun tsautsayi in mutum mai ƙarfin tsiya ne. Bayan girma akwai ta yau da kullum akwai kuma magnum wadda wutarta ta fi zafi da daɗewa, an yi ta ne don albarushin da ke wuyar kamawa kamar na .357. Kamfanin CCI misali lamba suke sa wa, 500 ƙarama, 550 ƙarama magnum, 300 babba, 350 babba magnum. Kamfanin Federal nasu 100 ƙarama, 150 babba.

Abin da nake zaton ya hana yayanka karɓa shi ne taurin ƙoƙon, wato ƙarfen jikin firaimar da allura ke sara. Kowane kamfani da irin ƙarfensa, masu abin sun san ta Federal ta fi laushi, ta CCI ta fi tauri, wanda ya sassauta sifirin bindigarsa don gasa in ya sa mai tauri sai ya ja kunama ya ji ƙyas ba ƙara. Kuma ko da girman ɗaya ne, canza kamfani yana canza ƙarfin matsi a cikin bindiga, dole mutum ya koma littafin awon albarushi ya fara gwaji daga ƙasa, wahala ce sabuwa shi ya sa kowa ke manne wa wadda ya saba. Ni ban taɓa yi da hannuna ba fa, wani Bature da muke aiki tare ne ya cika min kunne da zancen har na haddace. A 2020 da 2021 lokacin korona abin ya yi ƙarancin da kwali mai guda dubu wanda ake saye wajen dala 30 zuwa 40 ya haura dala 100, mutumin nan kullum sai ya yi ƙorafi kamar an ƙara kuɗin fetur.

TsohonSoja:
Yaro na waje ka yi bayani amma ka bar abu ɗaya. Firaima tsari biyu ce a duniya. Akwai ta Boxer akwai ta Berdan, duka sunayen hafsoshin soja ne kuma duka a 1866 suka yi rajistar fasaharsu. Abin dariya shi Edward Boxer ɗan Ingila ne amma tasa a Amurka ta samu karɓuwa, shi Hiram Berdan Ba'amurke ne amma tasa Turai da Rasha suka rungume. Bambancin, ta Boxer tana ɗauke da tata ƙaramar uwar maƙera a ciki, wadda allura ke matse sinadarin a kanta, kuma huda ɗaya ce a tsakiyar kwanso, shi ya sa cire tsohuwa ke da sauƙi. Ta Berdan uwar maƙerar a jikin kwanson take, huda biyu ƙanana a gefe. In ka leƙa cikin kwanso da tocila ka ga ido biyu, to wannan ba na sake cikawa ba ne a wurin yawancinsu, zubarwa suke.

Sannan tsofaffin harsasan soja da yawa firaimarsu tana barin wani gishiri a cikin bututu, shi kuma gishiri yana jan danshi, ka bar bindiga kwana biyu a damina irin ta Jos ka leƙa ka ga ja kamar an zuba manja. Mai kaɗai ba ya fitar da shi sai ruwa, zai fi kyau mai zafi, sannan a busar a shafa mai. Mun sha horo a kan wannan, wanda ya yi kasala ranar duba makamai jikinsa ne ke gaya masa.

Amma tela ka ji ni da kyau, kai kamar ɗana ne. Wannan hirar ta tsaya a sani. In yayanka zai zo gida kar ka yarda ya saka ko kwanso ɗaya a jaka wai don ya nuna maka, ko fanko ne. Kai ka san garin nan, ka san shingen da ke hanya daga Abuja har Mararrabar Jama'a, wanda zai zazzage jakar ba zai tsaya jin labarin kiwon tattabaru ba.

Lauya_Wuse:
Baba ya riga ni. In ƙara da abin da doka ta ce, Dokar Makamai ta 1959 ita ce har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna gidan farko na waɗanda aka haramta, lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake. Bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu ta Sufeto Janar na 'yan sanda ce, ta gargajiya mai ɗuri ta baki kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙera harsashi ko harhaɗa shi an keɓe shi ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da ta sojoji, kamar masana'antar DICON da ke Kaduna tun 1964. Abin da yayanka ke yi a gareji da rediyo a kunne, a nan mafi ƙarancin hukuncinsa shekara goma ne.

Jikan_Maharbi:
Ni dai abin ya tuna min da kakana Allah ya jiƙansa. Harba-ka-ruga gare shi, kuma ita ma tana da irin wannan, wata 'yar hular jan ƙarfe da ake kifawa a kan ɗan nonon bindigar kunama ta sare ta. A cikin gwangwanin taba yake ajiye su, ya naɗe da tsumma ya cusa a rufin ɗaki ta saman murhu saboda danshi, albarushi kuma can wani ɗakin daban, ko kusa bai yarda su kwana wuri ɗaya ba. Ranar da ƙanina ya ɗauki guda ɗaya ya buga da dutse, ƙarar ba ta kai dukan da ya sha ba. Ashe dai Turawan ma jikar wannan hular suke ta zaɓe.

TsohonSoja:
Ita ce mana. Wani limamin coci ɗan Sikotilan mai suna Forsyth ne ya fara fito da dabarar tayar da wuta da duka a 1807, shi ma maharbin agwagin ruwa ne, ƙyastun bindigarsa ke walƙiya tsuntsaye su tashi kafin harbi ya fita. Hular kakanka daga nan ta samo asali, daga baya aka mayar da ita gindin kwanso.

Tela_Gangare:
Kai na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, na ji kuma ba zai zo da komai ba sai turare da takalman yara. Yanzu ya sake kira na tambaye shi, ya ce ƙaramar Federal yake nema aka miƙo masa magnum ta wani kamfani. Na ce masa ai ƙoƙon ne zai maka tauri kuma sai ka koma littafi, ya yi shiru ya ce wai kai a ina ka san wannan. Ban gaya masa ba. Bari in koma kan keke, mai kaftanin Juma'a ya zo tun ɗazu yana zaune yana harara ta.