Dan Allah a ba ni shawara: leda mai duhu ko fenti a fitilar gaban Corolla?

Abban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wajen waɗanda aka taɓa yi musu ko suka yi da hannunsu. Corolla LE ce 2010 baƙa, fitilun gaba na asali ne ba a taɓa canza su ba, sai dai ta ɓangaren direba ta fara dishi-dishi tana yin rawaya. So nake gaban motar ya ɗan yi duhu ya dace da kalar jikin, don wannan ƙyalƙyalin na cikin fitilar yana ɓata mata fuska. Na shiga Ƙofar Ruwa mutum biyu sun ba ni magana biyu, ɗaya ya ce a manna leda mai ɗan duhu a sama dubu 12, ɗayan ya ce a buɗe fitilar a fesa baƙin fenti daga ciki dubu 35. Abin da ya sa na tsaya, a Zariya nake aiki iyali suna Kano, duk Juma'a sai bayan isha'i nake kamo hanya, ga shi lokacin hazo ya matso. Wanne ne ba ya cin haske? Kuma ana tare mutum a hanya saboda shi?

Ɗan Gwale:
Wa alaikumus salam. Ka fara yin takardar tintak kafin komai oga, in ba haka ba kullum kana cikin rigima a shinge

Abban Hanif:
Ba gilashi nake magana ba ɗan uwa, fitilar gaba

Yarima 406:
dubu 35?? Wlh sun ga ka zo da manyan kaya ne. Ni dubu 8 aka manna min leda gaba da baya a Panteka har da wanki

Maman Ilham:
Wace shekara kenan Yarima? Don maigidana a Apo dubu 25 suka ce masa ledar kaɗai, ban da kuɗin aiki

Yarima 406:
Hajiya ai Apo ko barka da rana ka ce musu sai sun caje ka 😂

Baban Sadiq:
Ɗan uwa na roƙe ka don girman Allah kar ka sa komai a kan fitilar nan tunda kana bin hanyar Zariya da dare. Ni abin ya faru da ni, ba labari na ji ba. Honda EOD gare ni a lokacin, na kai ta a gyara min bamba, sai mai fentin ya ce tunda za a fesa bamba bari ya ɗan sa wa fitilun hayaƙi kaɗan ta yi kyau, ya rantse min ba ya taɓa haske. Daga waje ya fesa a kan fitilar kai tsaye. Da rana motar ta yi kyau ba ƙarya, a unguwa har tambayata ake ina aka yi. Kuma a cikin gari ba za ka taɓa gane komai ba saboda ga fitilun shaguna ga na sauran motoci, kana tafiya ne da hasken wasu kana ɗauka naka ne.

Sai aka yi mana rasuwa muka je ta'aziyya Zariya ni da ƙanena, muka yi dare a dawowa. Tun daga Tashar Yari na lura sai na riƙa leƙawa ina matse ido, na sa ful amma kwaltar ba ta fitowa da nisa, ƙanena ma ya ce yaya fitilar nan kamar ba ta kai ba. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan ashe tirela ce ta lalace a hannunmu, babu fitila babu komai sai ganye da suka zubar, ganyen ma dab da ita. Wallahi ban gan ta ba sai da na zo kanta. Na murɗe sitiyari na tsira da ɓangarena, ɓangaren ƙanena ya daki bayanta. Cinyarsa ta karye, aka sa masa ƙarfe, watanni yana kwance, har yau in sanyi ya shigo sai ka ga yana ɗingishi. Yaron da ke shirin aure a shekarar sai ɗagawa aka yi. Motar kuwa a kilo aka saye ta. Da na koma wajen mai fentin buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai ni na ce a ƙara duhu, alhali ban ce ba. Na bar shi da Allah.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ƙara masa lafiya ya sa kaffara ce

Ɗan Gwale:
Allah ya kiyaye gaba. Amma gsky Alhaji laifin mai tirela ne wannan, ko da fitilarka garau take za ka iya dukanta

Baban Sadiq:
Ban wanke mai tirela ba. Amma motoci nawa suka wuce ta gabana suka kauce? Su sun hango ta ni ban hango ba, bambancin kenan

Usta Rewaya:
Jama'a ku bari na yi bayani don aikina ne. Abin da aka yi wa Alhaji da abin da aka ce za a yi wa Abban Hanif a dubu 35 ba ɗaya ba ne. Feshi ko leda a waje, duk hasken da ƙwan ya bayar sai ya ratsa ta cikinsa kafin ya fita, to dole ya ragu, iya duhunta iya abin da za ta cinye. Shi kuma na ciki in wanda ya iya ne, ana gasa bakin fitilar ne gam ɗin ya yi laushi a raba ta biyu, a ciro firam ɗin ado na gefe shi kaɗai a fesa shi baƙi. Kwanon da ke bayan ƙwan, mai ƙyalli, shi ne yake tura haske kan titi, ba a taɓa shi ko da yatsa. In aka yi haka hasken ba wani canji za ka gani ba. Matsalar ita ce yaran yanzu sai su haɗa har kwanon su fesa, ko su rufe fentin bai gama bushewa ba tururinsa ya kama murfin daga ciki ya yi fari-fari, ko su mayar da silikon na gilashin taga maimakon baƙin gam ɗinta. Damina na sauka za ka ga raɓa a ciki.

Kabiru Vibe:
Ai ni nan na gani. Aka buɗe min ta Vibe dubu 20 ruwan farko ta zama tankin kifi, ƙwai biyu suka mutu a sati ɗaya

Yarima 406:
To ka zuba tarwaɗa mana ka haɗa sana'a biyu 😂😂

Injiniya Mubarak:
Usta ya yi gaskiya a rabi. Amma ni ban yarda a buɗe fitilar da kamfani ya rufe ba ko waye zai buɗe. Kuma kowa ya tsallake abin da mai tambaya ya faɗa, cewa ɗaya ta fara rawaya. Murfin nan ba gilashi ba ne roba ce, akwai wani siririn shafi da kamfani ke yi mata don kare ta daga rana, in ya ƙone shi ne take yin rawaya, kuma tun a haka ma haskenka ya riga ya ragu. Ka ɗora leda a kai ka ƙara ragewa. Abin yi shi ne a goge ta da samfefa da ruwa, daga mai ɗan kaushi irin 800 zuwa 1500 zuwa 2000, a yi folish, sannan a fesa kiliya mai kyau, wato fentin kariya marar kala da ake sawa a sama. In ba a sa kiliya ba wata kaɗan za ta koma gidan jiya.

Ɗan Gwale:
makilin kawai za ka sa da tsumma, naira nawa ne

Injiniya Mubarak:
Makilin na sati biyu ne, saman kawai yake ɗan sharewa

Usta Rewaya:
Injiniya da girmanka, fitila nawa ka taɓa buɗewa da hannunka? Mu da muke cikin gareji tun muna yara mun san wadda ke buɗuwa lafiya da wadda ba ta buɗuwa. Karatu daban aiki daban

Injiniya Mubarak:
Usta ba raini ba ne, amma kai in an buɗe kai ke samun kuɗi, ni ba abin da zan samu. Wa ya kamata ya fi saurara?

Usta Rewaya:
Subhanallah, yanzu don dubu nawa zan sa bawan Allah a haɗari? Ni ko garinmu ba ɗaya ba ne da shi

Baban Sadiq:
Ku duka ku yi haƙuri, amma ba wanda ya kwana a asibiti da ɗan uwansa a cikinku. Shi ma wanda ya yi min cewa ya yi ya iya. Kowa cewa yake ya iya

Alhaji Dila:
Ni ta ɓangaren kasuwa zan yi magana. Duk motar da aka kawo min an taɓa fitilarta sai na rage kuɗi, don mai saye yana ganin baƙar fitila abin da ke zuwa ransa motar yaro ce an sha wahalar da ita, ko an yi karo da gaban ana ɓoyewa. In dai baƙin kake so, Corolla Sport ta wannan shekarun da baƙin ciki take zuwa daga kamfani, kuma tana zama a jikin LE. Nemi ta Beljiyam guda biyu ka ɗaura, ka adana naka na asali a kwali, ranar sayarwa ka mayar. Dubu 90 zuwa 100 za ka samu.

Kabiru Vibe:
Alhaji dubu 90 a ina? Satin da ya wuce abokina ya tambaya 140 aka ce masa

Yarima 406:
akwai sabuwa ta China 55 guda biyu

Alhaji Dila:
Ta China kafin shekara ta yi rawaya, kuma hasken watsewa yake ba ya tsayawa a titi. Kabiru abokinka bai iya ciniki ba ne kawai

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. In don hazo ne ku sa ɗorawa ku bar baƙi. Can Faransa doka ce hitilar gaba ta zama ɗorawa har zuwa 1993, shi ya sa tsoffin Peugeot da ke shigo muna nan da ita suke zuwa. Babana 504 tai haka take, cikin ƙura ba ta maido maka haske a ido kamar fara. Ni jikka biyar aka sa min leda ɗorawa ga ƙananan hitilu na ƙasa, manyan ban taɓa ba

Abban Hanif:
Na gode Malam, amma rawaya a baƙar mota anya kuwa. Maganar tarewa a hanya fa har yanzu ba wanda ya ce min komai

Barista A.:
Takardar da 'yan sanda ke bayarwa ta gilashi ce, dokarta tun 1991 take, a 2025 aka sake taso da ita har ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta je kotu. Ba ta shafi fitila ba, don haka kar wani ya ce maka ita za ta kare ka. Fitila kuma 'yan Road Safety suna da hurumin rubuta mutum in ba ta aiki yadda ya kamata.

Kabiru Vibe:
Ni dai wasu masu kaki sun taɓa sa ni na ɓare ledar fitilar baya da farcena a bakin titi rana tsaka, bayan na ɓare kuma sai da na yi musu ihsani

Direban Sharon:
Ku kuna ta maganar masu rage haske, mu da muke kwana a hanya masu ƙara haske ne suka hana mu sakat. Wannan farar fitilar LED da kowa ke sawa yanzu, tifa ta jera guda shida a saman kai, ɗan adaidaita ya sa, ɗan acaɓa ya sa, ka yi musu dim ka yi dim ba wanda zai sauke maka. In ta dake ka a ido daƙiƙa biyu uku ba ka ganin komai kuma kana ɗauke da rayukan mutane. Tsakanin Kura da Kano da daddare wlh addu'a kawai nake

Usta Rewaya:
Wannan gaskiya ne. Kuma yawanci masu leda mai duhun ne ke dawowa su ce haske ya ragu a sa musu LED ko ƙwai mai wat 100 a inda kamfani ya sa 55, soket ya narke waya ta yi zafi. LED ɗin kuma kwanon ba don shi aka ƙera ba, sai hasken ya tashi sama ya shiga idon na gaba, shi mai motar bai ƙaru da komai ba

Injiniya Mubarak:
A nan kam mun haɗu da Usta

Yarima 406:
Alhamdulillah an sasanta, a kawo goro

Maman Ilham:
Ni na daina tuƙi bayan magariba saboda su. Har a cikin unguwa mutum zai kunna maka ful yana ganinka da yara a mota

Baban Sadiq:
Su masu tirelar da ke barin ta a kan kwalta babu ko alama fa, su wa zai yi wa magana? Har gobe in ka bi hanyar za ka gansu

Direban Sharon:
Alhaji ai tirelar da ta mutu gara ita, tana tsaye. Wadda ke tafiya babu fitilar baya ko ɗaya fa, sai ka ji ƙarar ta kafin ka gan ta

Abban Hanif:
To jama'a na gode Allah ya saka. Alhaji Dila in na samu ta Sport ɗin, soket ɗinta ɗaya ne da na LE ko sai an yanka waya? Kuma Usta in na fasa duka na goge tawa kawai, nawa ya kamata na biya?

Ɗan Gwale:
Direban Sharon kai ma ka sa naka LED ɗin mana, in sun haska ka ka haska su

Direban Sharon:
In na makantar da mai tifa kan wa zai faɗo? Kaina zai faɗo ai