Gaskit biyu cikin wata uku: top ɗin Kantata ya tsage ne?

Direban Kanta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Kanta ce mai injin 4D34, gadon mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa. Ni da yayana muka haɗa rabonmu a kanta, ni nake ja, duk Juma'a mu raba abin da aka samu. Da ita ake cefanen gida biyu da na Hajiyarmu, ga ƙanwarmu za a kai ta ɗaki bayan Sallah, ko gado ba a saya ba. Wata uku da suka wuce na ɗauko masara daga Giwa zan kai Dawanau, ina wuce Kwanar Dangora ta ɗauki zafi. Aka canza gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin top (murfin kan injin) da jikin injin. Bayan sati shida aka sake. Yanzu kullum sai ta shanye galan guda na ruwa, kuma ba ɗigo a ƙasa, da safe farin hayaƙi. Bakanikena ya ce a sake gaskit, wani ya ce top ya tsage. Yayana har ya fara cewa ni ne ba na kula da mota.

Oga Mai Sifana: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gaskit ba ya ƙonewa haka kawai. Gobe da asuba, injin na sanyi, buɗe murfin lagireto, cika shi, ka tayar. In ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri kamar dutse tun injin bai ɗumama ba, to iskar silinda ce ke shiga ruwa. Zaro ma'aunin baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara, kashe ta. Amma duk wannan bai raba gaskit da top ba. Sai an sauke top an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya lanƙwashe, sannan a toshe ƙofofin ruwansa, a hura iska, a tsoma shi a ruwan zafi. Ta inda kumfa ta fito, nan tsagar take. Galibi tsakanin bawul biyu za ka same ta. An yi maka wannan?

Direban Kanta: Oga, ba a yi ba. Amma bakanikena shekara goma sha biyar yana gyara motar nan tun Baba na raye, ya duba da idonsa ya ce lafiya lau.

Oga Mai Sifana: Ido ba ya ganin tsagar da ba ta kai silin gashi ba, sai ƙarfe ya yi zafi take buɗewa.

Baban Ummi: Ni dai kar ka sayi top ɗan Beljiyam da ka. Bara na saya, an wanke shi tas an fesa masa fenti, ashe an taɓa yi masa walda. Sati biyu ya buɗe. Na koma wajen mutumin ya ce kaya in ya bar shago ya bar shago. Har yau muna gaban shugabannin kasuwa, ga mai motar ya karɓe makullinsa.

Ɗan Tasha: A goge fuskar top ɗin kawai a mayar. Tawa sau biyu aka goge, tana nan tana zuwa Maraɗi.

Oga Mai Sifana: Guga tana maganin lanƙwasa, ba ta maganin tsaga. Kuma injin gas ba fetur ba ne, tazarar fistin da bawul kaɗan ce, in aka ci top da yawa sai su haɗu. Ƙanena, ranar da ta yi zafi me ka yi? Tamosta, mai daidaita zafin ruwan injin, tana ciki?

Direban Kanta: Tamosta tun zamanin Baba aka cire, kowa cirewa yake saboda zafin ƙasarmu. Ranar kuma ruwan leda na samu mai sanyi na zuba nan take, kayan mutane ne a baya kuma magariba ta yi. Ku da kuna wurin me za ku yi?

Malam Na Gareji: Ɗana, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi shi ke tsaga top. Amma kafin ka kashe kuɗi a duba kular mai (mai sanyaya baƙin mai) da hannun riga na silinda (bututun da fistin ke yawo a ciki), su ma suna haɗa ruwa da mai. Kuma a tambaya, da ma'auni aka ɗaure kusoshin, daga tsakiya zuwa gefe, ko da bututu aka danne?

Oga Mai Sifana: Malam, da girmanka, kular mai ba ta kawo farin hayaƙi. Top ne. In ya ci gaba da ja, wata safiya ruwa zai kwana a kan fistin, yana murza makulli konrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, daga top a koma neman injin sukutum.

Direban Kanta: Na gode. Amma ina da lodin wake ranar Litinin, na riga na karɓi rabin kuɗin. In na ɗauki jarka biyu ina ƙara ruwa a hanya, ba za ta kai ni ta dawo ba? Wani ya ce akwai garin da ake zubawa a lagireto ya toshe tsagar.

Ɗan Tasha: Akwai shi a Ƙofar Ruwa.

Malam Na Gareji: Garin nan lagireton zai fara toshewa. Ka kira yayanka ku zauna tukuna.

Direban Kanta: Malam, yayan nawa ba ya ɗaga wayata tun jiya.