Taimako kan bizar ritaya ta Dubai, maganar kudin ce ta tsaya mana

Salam jama'a, don Allah wanda ya san harkar nan ya taimaka mana. Babanmu ya yi ritaya daga aikin gwamnati nan Kaduna, yana so ya koma Dubai ya zauna kusa da yayarmu da ke aure can, ga kuma maganar asibiti tunda jikin nasa sai a hankali. Ya haura shekara 55 da ake bukata, wannan ba matsala.

Inda muka makale shi ne sharadin kudi. Bizar ta shekara 5 ce, kuma ana so mutum ya cika daya daga ciki, ko ajiyar dirhami miliyan 1, ko gida a can mai darajar miliyan 1, ko kudin shiga dirhami 15,000 duk wata. To fansho na Baba da naira ake biyansa, in ka canza shi ko kusa bai kai ba wallahi, ko da an hada da kudin hayar shagunansa na Kasuwar Barci.

Yana da gida a Unguwar Rimi wanda zai iya sayarwa, amma ni gaskiya tsoro nake ji a sayar a zo kuma a ce kudin sai sun zauna a bankin can na wani lokaci, ko a ki karbar sitatimen din bankinmu na nan. Shin ana hada fansho da haya a lissafa su tare? Kuma kudin da yayarmu ke turo masa ana kirga su ko sai nasa na kansa? Wanda ya taba yi wa iyayensa don Allah ya fada mana ta ina ya bi, kafin mu taba gidan.