Mi za mu kira TBI da Hausa? Ni dai na tsaya kan "rotsin ƙwaƙwalwa"

Jama'a masu Hausa a baki ku zo ku fisshe ni. Abin nan da likitoci ke kira TBI, wato cutuwar da ƙwaƙwalwa ke yi in wani abu daga waje ya bugi kai, ko haɗarin kabu-kabu, ko faɗowa daga bisa icce, ko jifa, ko duka, mi za mu ce mishi?

Ɗan yayata ne ya ja min wanga aiki. Shekarunshi 11, bara kabu-kabu ya kayar da su, ya yi kwana biyu bai san inda kanshi yake ba, daga baya ya tashi aka sallame shi ko tabo babu a fuska. Amma yaron da ya koma makaranta ba shi ne wanda muka sani ba. Haddar da ya yi kafin haɗarin tana nan daram, zai ja maka Sabbi ba gargada, amma a rubuta mishi sabon allo da safe kafin la'asar ya zube. In aka ce ɗauko littafi, buɗe shafi kaza, kwafi na ƙasa, na farkon kawai yake riƙewa sai ya yi tsaye shina kallon malam. To za mu rubuta wa makarantarsu takarda, Yaya ta ce a yi da Hausa don ta san mi aka ce kan ɗanta. Nan na cije.

Abin da ya fara zo min baki "taɓin ƙwaƙwalwa". Yaya ta ce, "Haba auta, rufa min asiri, so kake yara su riƙa ce mishi ɗan Kware?" Kware ke nan, inda asibitin masu taɓin hankali yake a jihar Sakkwato. Kuma da gaskiyarta, a kunnen Bahaushe wannan da taɓin hankali duk ɗaya ne. Ba wai waccan cutar abin kunya ba ce, amma hanyarsu daban, mai irin wanga bugu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ke fara dubawa, irin na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Sai "raunin ƙwaƙwalwa". Shi ne ya fi kama da fassara, matsalar rauni baki biyu gare shi, akwai na jin ciwo akwai na rashin ƙarfi, kuma wallahi malamin da ke da yara fiye da ɗari a aji na biyun zai ɗauka, ya ce ai daƙiƙi ne da ma. An riga an zane yaron sau biyu kan wai ba ya mai da hankali, bana son in ba su wata hujja.

Wani abokina ya ce "buguwar kai". Na ce ka taɓa jin an ce wane ya bugu? Muka bar ta nan.

"Girgizar ƙwaƙwalwa" ta yi min, amma ga ƙaramin, irin na 'yan ƙwallo in sun gwara kai. Likitoci na da ma'aunin tsananin bugun da aka fitar a Gilasgo a 1974, daga maki 3 zuwa 15, 13 zuwa sama shi ne mai sauƙi, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Girgiza ba za ta ɗauke su duka ba.

Inna ce ta warware, tana tsintar shinkafa tana jinmu, ta ce "ai rotsi ne ya shige mishi ciki." Rotsi! Kalmar da kanta ta faɗi cewa bugu ne daga waje, ba haihuwarshi aka yi haka ba, ba aljanu ba ne, ba lalaci ba. Na san za a ce rotsi sai da jini. To shi ya sa na jingina shi ga ƙwaƙwalwa, mai ji ya gane ba fatar kai ake nufi ba.

Kada a ce wasa da kalmomi nake. A Amurka sai a 1990 aka sa TBI rukuni mai zaman kanshi cikin dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman. Mu nan akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma in aka ce ilimi na musamman hankalinmu makafi da kurame da guragu yake zuwa, irin ɗaliban makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman da ke Sakkwato. Yaro mai tafiya da ƙafarshi, mai gani mai ji, wa zai lissafa shi in lalurar ba ta da suna?

Abin da muka roƙa ma ba tsada gare shi ba, a zaunar da shi gaba nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a rubuta mishi aikin gida kada a faɗa da baki kawai, in kai ya fara sara a bar shi ya huta, a ƙara mishi lokaci a jarrabawa, bulala kuma a ajiye ta.

Na rubuta "yana fama da rotsin ƙwaƙwalwa sakamakon haɗari". Takardar na aljihuna, sai Litinin zan kai. Mutanen Kano da Zariya, haka kuke jin rotsi a wajenku ko akwai wata ma'ana da za ta kunyata ni?