An sace min shafin Facebook saboda Free Fire: me ya hana gwamnati rufe wannan gem ɗin?

Mai Ɗinkin Hijabi:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya biyu gare ni, ɗaya ta neman taimako, ɗayar kuma ɓacin rai ne kawai.

Ni tela ce a nan Kano, hijabi da abaya nake ɗinkawa a gida, kuma kusan duk cinikina a Facebook nake samunsa. In na gama sabon ɗinki sai in ɗora hoto, mata su yi min magana, mu daidaita, a turo kuɗi, in ba ɗan sahu ya kai, in kuma na Kaduna ne ko Bauchi in aika tasha. Ina da yaro ɗan shekara 14. Abbansa ya ce ba shi ba waya sai ya gama sakandare, saboda haka tawa yake ara bayan la'asar ya yi wannan gem ɗin na harbe-harbe, Free Fire.

Daren Talata na zo shiga Facebook, aka ce kalmar sirrina ba daidai ba ce. Gari na wayewa ƙanwata ta kira daga Zariya hankali a tashe, wai wane asibiti aka kwantar da ni, domin ta ga saƙona ina neman naira dubu 30 na magani. Kafin azahar kwastomomi biyu sun tura kafin-alƙalamin ɗinki cikin wani asusu da ban san mai shi ba, ɗaya har tana cewa in dawo mata da kuɗinta ko ta tona min asiri. Da na tsare yaron, da ƙyar ya faɗi gaskiya: a wani guruf na 'yan gem aka turo musu adireshin wani shafi, wai ana raba dayamon kyauta, wato kuɗin cikin gem ɗin da ake sayen kaya da su. Ya shiga, aka ce ya sa lambar waya da kalmar sirrin Facebook, ya zuba tawa, da yake shi ya taya ni buɗe shafin tun farko.

To ta yaya zan dawo da shafina? Na biyu kuma, gwamnatin da ta iya rufe Twitter wata bakwai saboda an goge rubutun shugaban ƙasa guda ɗaya, me ya hana ta rufe abin da ke cinye mana yara da karatunsu, ga shi yanzu har ya taɓa mana abinci?

Ɗan Farm Centre:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Gyaran waya nake yi, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo min irin wannan ba.

Kafin komai, ki sa a WhatsApp ɗinki cewa an sace shafin, kada kowa ya tura kuɗi, ki sa 'yan'uwa su yaɗa. Waɗanda suka riga suka tura su je bankinsu yau-yau da rasit, domin in an yi sa'a akan riƙe asusun kafin a kwashe. Sannan ki duba imel ɗin da kika buɗe shafin da shi. Duk sanda aka canja imel ko kalmar sirri, Facebook kan aiko saƙo zuwa tsohon imel ɗin, da wurin da za ki danna ki ce ba ke ba ce. In babu, ki shiga facebook.com/hacked, kuma da wayar nan taki da kika saba shiga da ita, ba ta maƙwabta ba, domin sun fi yarda da wayar da suka sani. Za su iya neman hoton katin shaida. In sunan da ke shafin ya saɓa da na katin, nan ake shan wahala.

Abin da ya faru kuwa ba kutse ba ne yadda mutane ke zato. Babu wanda ya fasa komai. Free Fire yana barin yaro ya shiga ta asusun Facebook ko na Google, ɓarayin sun san haka, sai su yi shafi mai kama da na kamfanin Garena da ya yi gem ɗin, su rubuta kyauta da manyan baƙaƙe. Dayamon kuɗi ake sa wa a saya, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ki duba wayar kuma ko ya sauke wata manhaja da ba daga Play Store ba. Akwai jabun gem da ake yawo da su, wai an buɗe komai a ciki. Su na fi tsoro, domin wasunsu suna neman izinin karanta saƙon tes, kuma ta tes banki ke turo miki lamba. In kin ga irin haka, a kwashe hotuna a goge wayar kaf.

Bagusuwe:

Hajiya, na jajanta miki. Amma wannan addu'a ta biyu da kike yi, don Allah ki janye ta. Ni na zauna a garin da gwamnati ta kashe wa sabis, na san ɗanɗanonta.

Ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa kamfanonin waya suka kashe layi a Zamfara baki ɗaya, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce na mako biyu ne. Mu da ke cikin Gusau sai da muka yi kusan wata, ƙauyuka kuwa suka fi haka nesa ba kusa ba. An haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da mai a jarka. Ina da shagon kayan masarufi. Na'urar POS ta zama kayan ado, mai kuɗi a banki ya koma kamar wanda ba shi da ko sisi, in kuwa kana son yi wa ɗan'uwanka na Kano maganar rashin lafiya sai ka rubuta a takarda ka ba direba a tasha, kamar zamanin kakanninmu. Da farko mutane Funtua suke tafiya don su buga waya, ba a jima ba aka kashe na Funtua ma, cikin ƙananan hukumomi 13 na Katsina. Sakkwato da wani yanki na Kaduna suka biyo baya. Wanda aka shigo ƙauyensu da dare kuma, wa zai kira?

Da yawanmu mun goyi bayan abin a kwanakin farko, saboda wuya ta kai wuya. Amma ki tambayi duk wanda kika sani daga Tsafe ko Shinkafi ko Maradun ko an daina satar mutane. Haka aka tsayar da mu layin NIN tun ƙarshen 2020, lokacin Pantami, aka ce in an haɗa kowane layi da mai shi, mai neman kuɗin fansa ba shi da wurin ɓuya. A Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kira. Talaka ya sha rana, su kuwa har gobe da waya suke ciniki.

Kuma ki duba wane irin abu ne ke tayar musu da hankali. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, ta haramta sojan gona da sunan wani, ta haramta irin shafin bogin da aka yaudari yaronki da shi. Ki kai ƙara ki ga yadda takardar za ta kwanta. Amma sashe na 24 na wannan dokar, wanda aka riƙa kama 'yan jarida da shi, aka kuma yi masa gyara a 2024, bai taɓa yin barci ba. A 2022 ɗalibin jami'ar Dutse ya yi rubutu a kan matar shugaban ƙasa, aka bi sawunsa har Dutse aka ɗauke shi zuwa Abuja. Ashe in an so a gano mutum ana ganowa. Twitter ɗin da kika kawo misali da shi, kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa rufewar ta saɓa doka. Ke da Facebook kike cin abinci, Hajiya. Ranar da suka saba rufe abu saboda wasu sun yi kuka, wani zai yi kuka da Facebook.

Malamin Firamare:

Malam Bagusuwe, Allah ya kawo muku sauƙi, amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Kashe wa jiha sabis daban, sa wa yara iyaka daban. A 2021 ƙasar Sin ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba, awa uku kawai zai yi gem na intanet a mako: Juma'a, Asabar, Lahadi, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. Ba a rufe wa kowa kasuwa ba, kamfanonin aka ɗora wa nauyin. Indiya ta hana PUBG, wani gem na harbe-harbe irinsa, a 2020, ta hana Free Fire ɗin nan a 2022.

Ni nake ganin yaran nan da safe. Ɗan aji shida yana gyangyaɗi ƙarfe tara, ka tambaya a ce ya kwana a kan wayar yayansa. Uwa tana kan keke tana ɗinki, uba yana kasuwa sai dare, wa zai tsaya a kansa? In an ce komai a bar wa iyaye, to an bar wa waɗanda ba su da lokaci, kuma yaran sun fi su sanin wayar.

Mai Ɗinkin Hijabi:

Na gode ƙwarai. Ɗan Farm Centre, na sami saƙon a imel amma da na danna sai aka ce lokacinsa ya wuce, yanzu na tura hoton kati ina jira. Matsalar ita ce sunan shagon ne a shafin, ba nawa ba.

Malam Bagusuwe, wallahi jikina ya yi sanyi da labarinka. Amma ni ban ce a kashe sabis ba, gem guda ɗaya na ce.

Ɗan Gem:

Anti, ki yi haƙuri, ni ina cikin masu bugawa, ina aji biyu a jami'a kuma ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kafin Malam ya ce wani abu.

Malam, Indiya ba don tarbiyya ta hana ba. Rigimarsu da Sin ce a kan iyaka da batun bayanan mutane, shi ya sa suka haɗa da TikTok da tarin manhajoji. PUBG kuma ya dawo musu a 2021 da sabon suna. Na Sin ɗin yana aiki ne saboda sai ka sa sunanka na gaskiya da lambar katin ɗan ƙasa kafin ka buga, har fuska wasu kamfanonin ke dubawa. Kana so a ce sai an sa NIN kafin a buɗe gem? Yaro NIN ɗin mamansa zai sa, kamar yadda ya sa kalmar sirrinta.

Anti, gem ɗaya ba ya rufuwa. Ki tuna lokacin Twitter: Abubakar Malami, ministan shari'a na lokacin, ya ce za a gurfanar da masu zagayewa, amma kowa ya sauke VPN, manhajar da ake zagaye toshewa da ita, ya ci gaba da harkarsa. In aka cire Free Fire daga Play Store, yara VPN na kyauta za su nema da jabun gem daga guruf, wato daidai inda Ɗan Farm Centre ya ce ɓarayin suke. VPN ɗin ma mutane ba su gane shi ba. Yana ɓoye wa kamfanin layinka inda kake shiga, amma mai VPN ɗin yana gani, kuma ba ka san ko wane ne ba. Facebook da kansa ya taɓa mallakar wani na kyauta, Onavo, yana leƙen abin da mutane ke yi a wayoyinsu, har aka cire shi daga shagon Apple a 2018.

Kada a doki yaron don Allah. Duk wanda ke bugawa ya san ciwon shiga fili da kayan da kowa ya san na marasa kuɗi ne, abokai suna maka dariya. Wasa ɗaya wajen minti goma ne, mutum 50 a fili. A ce masa wasa uku a rana ya miƙo waya. Kuma a buɗe masa asusun Google nasa daban, a haɗa da Family Link, manhajar Google ta sa ido kan wayar yara, ke za ki sa lokaci daga hannunki, in ya cika ta kulle.

Ɗan Maraɗi:

Mu ma nan Nijar mun gani. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021, tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane, an ɗauke intanet na salula wajen kwana goma. Ba yara masu gem aka nufa ba, amma ɗan kasuwar da ke jiran hoton kaya daga Kano shi ma ya zauna. Mutanen Chadi sun fi mu shan ta, sama da shekara guda ba Facebook ba WhatsApp, daga 2018 zuwa 2019. Ni dai ina bayan Bagusuwe, ko da yake maganar Malam ta gyangyaɗin yara gaskiya ce, nawa ma haka suke.

Ɗan Farm Centre:

Hajiya, in sunan shago ne a kai, katin zai iya dawowa ba a karɓa ba. Kada ki karaya, ki sake turawa, wani lokaci sukan nemi ɗan gajeren bidiyon fuska idan akwai hotonki a shafin. Amma ki yi hattara da masu zuwa su ce za su dawo miki da shi in kin biya dubu 10, su ma wani layin damfarar ne, kuma yanzu za su fara nemanki.

Yau da dare ki canja kalmar sirrin imel ɗin da ta manhajar banki, in dai iri ɗaya ce da wadda yaron ya sa. A WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lamba shida ce za ki zaɓa da kanki, domin lambar wayarki tana hannunsu yanzu, kuma abin da suka saba yi shi ne su kira su ce daga guruf ɗin islamiyya ne ko na biki, ki karanto musu lambar da ta shigo ta tes. Family Link ɗin da Ɗan Gem ya faɗa ya fi aiki in wayar yaron daban ce. Tunda taki yake ara, ki duba ko wayar tana da wurin ƙara mai amfani na biyu, sai a buɗe masa nasa ɓangaren da babu Facebook ɗinki babu banki. Wace irin waya ce? Ki faɗa min samfurinta in gaya miki inda za ki shiga.