Da Jim Brown zai dawo NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta yau

Malam Habu: Abin yana ci mini rai. Yaran da suka fara kallon ƙwallon Amurka jiya-jiya suna cewa wai Jim Brown benci zai zauna a yau. Mutumin da ya yi wa Cleveland wasa 118 daga 1957 zuwa 1965 bai taɓa fashin ko ɗaya ba, ya yi gudu da ƙwallo yadi 12,312, a matsakaici duk ɗauka ɗaya yadi 5.2. A ba shi ƙwallo yau, ragwayen masu tsaron nan tattake su zai yi.

Nasiru: Malam, ragwaye fa ka ce? Ka janye kalmar nan. Doka ce ta ɗaure musu hannu. Tun 2018 mai tsaro ya sunkuyar da kai ya buga da kwalkwali, hukuncin yadi 15 ke nan a kansa. An hana finciko mutum ta bayan wuyan riga tun 2005. A 2024 kuma aka hana riƙe shi ta ƙugu a zube masa a kan ƙafafu. Dole ka ɗaga kai, ka sa kafaɗa a cinyarsa, ka naɗe ƙafafun da hannu biyu, shi kuwa yana tahowa a guje. Wannan ragwanci ne?

Malam Habu: Wanda ke jiran alkali ya jefa tutar laifi kafin ya samu sauƙi, me sunansa?

Nasiru: Ai kansa tutar ke faɗawa, Malam.

Hajiya Bilki: Nasiru, ƙanena, kalmar ta yi tsauri amma da gaskiya a ciki. Kafin 1978 mai tsaro na iya bangazar mai cafke ƙwallo tun daga layi har sai an jefo. Mel Blount na Pittsburgh haka ya riƙa hana mutane sakat, sai da aka iyakance taɓawar zuwa yadi 5 na farko. Wanda ya taso a wancan tsarin ba ya tsoron karo.

Auwal: Hajiya, duk muhawara sai kin kawo Pittsburgh. Ai a 1978 ɗin ne aka bar masu tare wa mai jifa su miƙa hannu su buɗe tafi, me ya sa ba ki faɗi wannan ba? Da can hannu a ƙirji ake tarewa, ga mai tsaro Deacon Jones yana marin kwalkwali ya wuce. An hana marin a 1977.

Hajiya Bilki: Kofi huɗu Pittsburgh ta ci cikin shekara shida, Auwal. Ba ni na ƙirƙira ba.

Nasiru: A koma kan ragwaye. Masu tarewa a zamanin Brown kilo 110 zuwa 115 ne, yau sun haura 135. Brown kansa kilo 105. Derrick Henry, mai gudu da ƙwallo na wannan zamani, ya fi shi nauyi, kuma kowane mako ana kayar da shi.

Malam Habu: Henry ya yi yadi 2,027 a 2020. Ka kafa mini hujja da bakinka.

Auwal: To Christian Okoye fa, ɗan Enugu, da ya fi kowa tara yadi wajen gudu da ƙwallo a 1989? Shi ma ku ce benci.

Nasiru: Wa ya ambaci Okoye?

Hajiya Bilki: Bari in tattara. Kowa ya yarda dokoki sun sassauta wasan, kuma 'yan da sun fi jure bugu. Maganar kilo ba ta tsaya ba, tunda Brown ma abincin yau da horon yau zai samu.

Nasiru: Hajiya, ni ban yarda ba. Kuma har yanzu Malam bai janye kalmar ba.