Taƙaitawa: shawarwari kan haɗa magunguna a kansar hanji da ta yaɗu

Wajen maganin kansar hanji da ta yaɗu, abin da aka fi nanatawa shi ne a tambayi likita manufar maganin tun farko: rage girman ƙarin kansar ne don a iya fiɗa, musamman in ya tsaya a hanta, ko tsawaita rai da sauƙaƙa ciwo?

Haɗin magungunan kashe ƙwayoyin kansa (chemotherapy) da aka fi bayarwa su ne FOLFOX da FOLFIRI duk mako 2, da CAPOX duk mako 3. Maganin oxaliplatin da ke cikin FOLFOX da CAPOX ne ya fi jan magana. Yana taɓa jijiyoyi, har ruwan sanyi kan sa a ji kamar maƙogwaro ya shaƙe a kwanakin farko. In yatsu suka fara mutuwa, a faɗa da wuri don a rage shi, domin lahanin kan daɗe. Masu ɓoyewa don kada a tsayar musu da magani, a ganina, kansu suke cuta.

Maganin irinotecan da ke cikin FOLFIRI kuwa gudawa yake kawowa.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ba ya jiran wayewar gari, asibiti za a nufa. A kuma nemi gwajin DPD (na duba ko jiki zai iya sarrafa maganin) kafin 5-FU da ke cikin FOLFOX da FOLFIRI ko capecitabine da ke cikin CAPOX, da gwajin RAS (na ƙwayoyin halittar kansar) kafin cetuximab, wani maganin kansar.